Hayaƙin Dungurfa

Da sunan Allah nake farawa, Mai rayarwa, Mai tsofarwa, Wanda ya san adadin bayinsa ba tare da ya ƙirga ba. Bayan haka, ku gyara zama ku ji, ya ku mutanen wannan zango. Ni ne Nomau ɗan Gwamma, mutumin Dungurfa ta ƙasar Kurmasa, can bayan Tekun Gishiri, inda duwatsu suka zarce gajimare. Na ci tuwon ƙasashe, na sha ruwan rijiyoyin da ba su da suna, na shiga birnin da aka haramta tsufa, na sauka ƙarƙashin ƙasa da ƙafata na fito a kan makara. Duk wannan bai karya ni ba. Abin da ya karya ni a garinmu na same shi, a hannun mahaifiyata, kuma labarinsa zan ba ku.

Sana'ata ƙidayar jama'a ce. Na ga wani can yana murmushi, to yi abinka, wanda bai san aiki ba shi ke raina shi. A Kurmasa ba a shiga gari a ƙirga kawuna, domin ƙauyukanmu a kan duwatsu suke, kuma tsakaninsu da babban birni akwai wani kwazazzabo da ake kira Maƙogwaro, wanda in ka jefa dutse a ciki ba za ka ji faɗuwarsa ba. Kewaye shi tafiyar watanni ce. Don haka kakanninmu suka gina hasumiya a bakinsa ta ɓangaren birni. Da hantsi mai ƙidaya zai hau, ya kafa ido a madubin hange, ya ƙirga hayaƙin da ke tashi daga kowane ƙauye. Hayaƙi ɗaya gida ɗaya ne, gida ɗaya kuwa a lissafinmu mutum bakwai ne. Gidan da hayaƙinsa ya ɗauke, a wurin hukuma ya mutu, filinsa da gonarsa sun fita daga hannun zuriyarsa.

Saboda wannan doka muke da wata al'ada. Duk wanda zai yi tafiya sai ya ɗebi garwashin murhunsa a kasko, ya kai wa wani maƙwabci, ya ce, ga amanar wutata. Shi kuma maƙwabcin kullum safiya zai shiga gidan ya hura wuta har mai gida ya dawo. Mu masu ƙidaya mun san da wannan, ba mu kuma damu ba, don a da tafiya ta fatauci ce, mutum ya yi rani ɗaya ya komo gida.

Na daɗe da barin Dungurfa zuwa birni, amma duk ranar da na hau hasumiya ita nake fara dubawa. Hayaƙi sittin, ba ƙari ba ragi, na Inna mahaifiyata yana can ƙarshen gari ta gabas, a bakin hanyar fita. Na bar ta da ƙanwata Lanti da mijinta, ga kuma abokina Jatau, katanga ɗaya ce ta raba su. In na ga hayaƙinta sai in ce Inna ta tashi lafiya, in ci gaba da aikina.

Ana nan sai masana taurari suka shigo fada da mugun labari. Suka ce Jan Rani na tafe, fari ne wanda ke ƙafar da idanun ruwa na kan duwatsu, babu wanda zai tsira a can sai garin da ke da majiya ƙarfin da za su haƙa rijiya mai zurfi. Sarauniya Yalwa tana da wasu manyan mikiyoyi, kowace tana ɗaukar kwando mai cin mutum huɗu ta tsallake Maƙogwaro da shi, amma ba su da yawa. Sai ta yanke hukunci cewa duk ƙauyen da hayaƙinsa bai kai goma ba, mikiyoyi su kwaso mutanensa zuwa birni. Sauran ƙauyuka suna da hannuwa, su yi haƙa. Dungurfa mai hayaƙi sittin ba ta cikin waɗanda za a kwaso, ni kuwa hankalina kwance.

Sai ga shi sarauniya ta aiko a kira ni.

"Nomau," in ji ta, "ku mutanen hasumiya kun ce jama'ata ba ta ragu ba."

"Ranki ya daɗe, hayaƙi dai bai ragu ba."

"To masaƙan da ke bin ƙauyuka sun ce sun manta rabonsu da sayar da majanyi, likkafani kawai ake nema. Ungozomomi sun koma sayar da daddawa. Wanzamai sun daina wasa askar suna. In akwai mutum bakwai a ƙarƙashin kowane hayaƙi, ina jariransu?"

Na yi ta kallon shimfiɗa.

Ta ce, "Ana raɗe-raɗin samarinmu suna gangarawa ta bayan duwatsu suna tsallaka teku. Ka bi sawunsu, ka gano inda suka tafi da yawansu, ka dawo mini da gaskiya."

Na ɗaura guzuri na shiga jirgin 'yan gishiri. Muka yi ta keta ruwa, wata ya tsaya ya mutu muna tafiya, har muka hango Zankaɗa, birnin da aka gina a kan daskararren gishiri, ganuwarsa da gidajensa farare fat, in rana ta buga sai ka rufe ido. Kafin mu sauka mai jirgi ya dubi gemuna ya girgiza kai.

"Malam, da wannan furfurar za ka shiga Zankaɗa? A nan duk wanda aka ga farin gashi a kansa, kwale-kwale ake sa shi babu filafili a tura shi teku. Birnin samari ne, ba sa son mai tuna musu da gobe."

Ya miƙo mini wani baƙin rini a ɗan ƙoƙo. Na shafe gemu da ƙeya, na koma saurayi da ƙarfi da yaji, na shiga gari ina taku ɗai-ɗai don kada gwiwa ta tona mini asiri.

Ban yi nisa a kasuwa ba na ji an kira sunana. Ina waigawa sai ga Jatau, ɗauke da ƙaton curin gishiri a kafaɗa. Muka rungumi juna, ya ja ni unguwarsu, sai na ga kamar Dungurfa aka ɗauko aka dire a bakin teku. Ga 'ya'yan gidan liman, ga masaƙa, ga mahauta, duk da matansu da yaransu. Ni da na san kowane gida a garinmu, ina gaisawa ina ƙirgawa a zuci, har na tashi da gidaje sun haura talatin.

Na ce, "Jatau, to wutarku fa? Wa kuka bar wa?"

Ya yi dariya. "Inna Gwamma mana. Ita ce a bakin hanya, kowa zai fita ita yake miƙa wa. Kada ka damu, da na taho ga Lanti nan tare da ita."

Na lallashi kaina. Na ce ai da sauran rabin gari, za su kama mata.

Ashe da sauran rina a kaba. Muna tsaye sai hadari ya taso, ruwa ya ɓarke, rinin nan ya bi wuyana ya gangara, gemuna ya fito fari sol a tsakiyar kasuwa. Kafin in ce me, dogarai sun yi caraf da ni sai gaban alƙali. Aka karanta laifina, aka aika a kwanto kwale-kwale. Na ga in na yi shiru na zama abincin kifi, sai na roƙi a bar ni in yi wa alƙali magana a kunne, aka bar ni.

Na ce, "Allah ya gafarta malam, ni mai ƙidaya ne, ido kuwa ba mudu ba ya san kima. Na zaga kasuwarku, rumfunan masu baƙin rini sun ninka na masu hatsi. Birnin da babu tsoho me yake yi da rini haka? Sannan tun da na shigo rufin zauren nan ke ɗiga a kan rawaninka, ga wani baƙin layi yana gangaro maka ta bayan kunne. In aka fita da ni gaban jama'a, bakina ba shi da linzami."

Ya sa bakin rawani ya goge bayan kunnensa a hankali. Da ma an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya gyara murya ya ce ya duba da kyau, gishiri ne ya maƙale wa baƙo a gemu, ba furfura ba, a sake shi, amma ya bar gari kafin rana ta faɗi. Ban jira an maimaita ba. Jatau ya raka ni bakin ganuwa, ya ce in ina neman sauran 'yan Dungurfa, in nufi kudu, Ramin Jangaru.

Jangaru birni ne a ƙarƙashin ƙasa. A can ake haƙo wasu duwatsu masu haske da kansu, waɗanda sarakunan duniya ke sa wa a ɗakunansu maimakon fitila. Ƙofarsa ɗaya ce tak, a gindin wani tsauni. Masu gadi suka tarbe ni da fara'a, suka ba ni tsakuwa na jefa a wani tulu, suka ce shi ke nan an ƙirga ni. Sai da na sauka can ciki na ji sauran bayani, wai wanda tsakuwarsa ta shiga tulu ba ya fita sai a kan makara. Ciki kuwa ga tituna, ga kasuwa, ga haske ko'ina ba dare ba rana, amma abin da ke tashi a garin tari ne kawai. Ƙurar dutsen nan tana zama a ƙirji, ta tsofar da mutum tun bai kai ko'ina ba.

Ina cikin tambayar unguwar 'yan Kurmasa sai wata tsohuwa ta tsaya a gabana da tulun ruwa, kanta fari, kumatunta sun zurma. Na matsa in ba ta hanya.

Ta ce, "Yaya, ba ka gane ni ba?"

Lanti ce. Lanti da na goya a bayana, na girme ta nesa ba kusa ba. Ta kai ni ɗakinta, ga mijinta kwance yana tari, ga yara uku sun zuba mini ido. Ban iya ko shan ruwan da ta kawo ba.

"Lanti, ke da wa kika bar Inna?"

Ta sunkuyar da kai. "Gona ta daina bayarwa, Yaya. Mun ce rani ɗaya za mu yi. Na bar ta da gidan Arzika maƙeri, suka ce za su kula da ita."

"To alhamdu lillahi, Arzika mutumin kirki ne."

Ta nuna ƙofa da haɓa. "Ga shi can yana jan amalanken duwatsu. Bayanmu ya zo."

Na fita na tare Arzika. Ya ce shi ne na ƙarshe da ya fito da iyalinsa, ya bar tsofaffi kamar bakwai, duk Inna ce mai sauran ƙarfi a cikinsu, shi ya sa ya ba ta wutarsa. Na zauna a bakin titi na bi gidajen Dungurfa ɗaya bayan ɗaya a kaina, daga yamma zuwa gabas, waɗanda na gani a Zankaɗa da waɗanda ke nan. Babu gida ko ɗaya da ya rage da hannun da zai riƙe magirbi, balle ya haƙa rijiya. Hayaƙi sittin ɗin nan da nake gani ina murna, tsohuwa ɗaya ce ke hura shi. Kuma muddin tana hurawa, mikiyoyin sarauniya ba za su je ba, ƙishirwa za ta cinye su a kan dutse, mu muna hasumiya muna cewa gari lafiya.

Na ce wa Lanti dole in fita. Ta ce babu hanya sai ta matattu, amma masu gadi ba sa taɓa gawa, suna tsoron tarin. Haka aka yi. Ita da Arzika suka naɗe ni a tabarma, suka ɗora a makara, 'yan garinmu suka ɗauka. Lanti na biye tana kuka, kukan nan kuwa ba na wasa ba ne, ina ji daga cikin tabarma nawa hawayen na zuba. A bakin ƙofa ta sunkuyo kamar mai yi wa mamaci addu'a.

Ta raɗa mini, "Ka ce wa Inna ina nan lafiya. Kada ka gaya mata yadda ka gan ni."

Masu gadi suka toshe hanci, suka ciro tsakuwa ɗaya daga tulu suka yar, aka miƙa ni ga masu haƙa kabari na waje. Da suka dire ni a bakin rami sai ƙura ta shiga hancina, na saki atishawa. Ƙafa me na ci ban ba ki ba, suka watsar da fartanyoyinsu suka arce, ni kuma na warware tabarma na kama gabana.

Komawa wurin sarauniya sai na sake tsallaka teku, lokaci kuwa ya ƙure, don tuni sama ta fara yin ja. Amma daga Jangaru ana iya hawa Dungurfa ta kudu, ba sai an shiga ruwa ba, ta hanyar da samari suka gangaro. Na ba wasu makiyaya rigata da takobina suka ba ni jimina irin tasu, mai tsawon raƙumi, na ɗare bayanta. Muka ratsa ƙoramu sun zama yashi, muka wuce garken shanu a kwance babu mai tashi. Jiminar nan ta yi mini halacci, ta kai ni har gindin dutsenmu, a nan ta durƙusa ba ta sake tashi ba. Sauran hanya da hannu da gwiwa na hau.

Da asuba na kai bakin gari, na zauna a kan wani dutse ina mayar da numfashi. Sai na ga hayaƙi ɗaya ya tashi daga can yamma. Aka jima wani ya tashi a gidan da ke kusa. Aka jima wani. Haka suka yi ta tashi bi da bi, a hankali, irin tafiyar mai ciwon ƙafa. Mu a hasumiya sai hantsi muke hawa, lokacin duk sun tashi, ba mu taɓa ganin wannan ba.

Na shiga gari. Babu kukan zakara, babu ƙarar turmi, ciyawa ta bushe a ƙofofin gidaje. A wani lungu na ci karo da ita, ta ranƙwafa har haɓarta na neman gwiwa, kasko a hannu ɗaya, 'yan itatuwa a hammata, yatsunta duk tabon ƙuna. Ta ɗago ta dube ni. Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunana ba.

"Yayan Lanti, kai ne? Sannu da hanya. Riƙe mini itacen nan, saura gidan liman da na Jatau."

Na riƙe mata, na bi ta. Da muka isa gidanmu sai na ga ɗakinta babu rufi, babu ƙyaure, babu gado. Itace ya ƙare a dutsen, sai ta koma cire na ɗakinta tana rabawa murhunan mutane, ba ta kuwa taɓa ko tsinke na gidan wani ba. Sauran tsofaffi shida suna kwance a zaurenmu, ita ke jiƙa musu ɗan garin da ya rage. Rijiyar gari ta koma taɓo, sai an wuni ake tatsar abin da bai cika ƙwarya ba.

Na durƙusa a gabanta na gaya mata komai, dokar sarauniya, da mikiyoyi, da hayaƙi goma. Na ce, "Inna, wutar nan da kike hurawa ita ce ta hana a zo a ɗauke ku. Gobe kada ki hura. Da masu hasumiya sun ga babu hayaƙi za a turo."

Ta saurare ni har na gama.

"In hayaƙi ya ɗauke, gidajensu sun tafi ke nan. Su dawo su tarar da me?"

"Inna, ba za su dawo ba."

"Kai ba ga ka nan ba?"

"Na gan su da idona. Sun yi gidaje a can, sun haifi 'ya'yan da ba su san sunan garin nan ba."

"Wannan tsakaninsu da Allah. Ni dai kowannensu ya tsaya a ƙofar nan ya ce ga amanar wutata, na ce na karɓa. Ban ce na karɓa sai in da ruwa ba." Ta gyara zaninta. "Lanti fa, ka gan ta?"

"Tana nan lafiya, tana gaishe ki."

Wani makahon tsoho mai suna Baba Cindo ya yi magana daga kwance. "Ɗana, mu mun ci namu rabon, ba ma jin tsoron tafiya. Amma mutuwar ƙishirwa ba ta da daɗi. Mun yi mata magana mun gaji, ita aka ba amana, ba mu ba."

Na yi roƙo, na yi kuka, na kawo mata maganar malamai cewa rai ya fi komai. Ta ce ta ji. Washegari tun da jijjifi sai ga ta ta tashi ta nufi tukunyar da take ajiye uwar garwashi, wadda a cikinta ta haɗa wutar kowa da kowa take kwana da ita a ƙarƙashin toka. Na riga ta isa. Na cika ƙwarya da ƙasa.

Ta kama wuyan hannuna. Riƙon nan ba shi da ƙarfin da zai tsayar da ɗan akuya, amma ban taɓa jin abu mai nauyinsa ba.

"Yayan Lanti, kada ka yi mini haka."

Na juye ƙasar. Na ƙara wata, na danna da tafin hannu har na daina jin ɗumi. Sannan na bi gari gida-gida na binne kowane murhu, na ɗauke ƙyastu na jefa a Maƙogwaro. Da na dawo na same ta zaune a ƙasa a gaban tukunyar. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba, ta juya mini baya kawai. In da za a mayar da ni wannan safiya, abin da na yi shi zan sake yi, amma kada Allah ya sa waninku ya ga bayan mahaifiyarsa yadda na ga na tawa.

Hantsi ya yi, sararin Dungurfa fes babu ko zaren hayaƙi, karo na farko tun da aka kafa garin. Muka yi ta jira muna tsotsar taɓo a tsumma. Wata tsohuwa mai suna Tabawa ba ta kai ba, ni kaɗai na haƙa mata na rufe ta. Bayanta inuwa ta rufe gari, mikiyoyi biyu suka sauka a dandali da kwandunansu. Na ɗauki tsofaffin ɗaya-ɗaya na sa a ciki. Da na ɗauki Inna ban ji nauyin komai ba, kuma har muka tsallake Maƙogwaro idonta na kan garin.

Na faɗi gaban sarauniya na zayyana mata abin da na gani. Nan take ta sa mikiyoyi su bi kowane ƙauye, ko hayaƙinsa ɗari ne. Aka tarar da irin Inna a wurare da yawa, wasu an same su da rai, wasu an same su a gefen murhu. Daga ranar aka rufe hasumiya, aka ce mai ƙidaya ya shiga gari ya yi sallama ya ga fuska. Ta kuma soke dokar filaye, ta ce gidan kowa nasa ne ko da hayaƙi ko babu. Na garzaya da wannan albishir wurin Inna, ina zaton zan ga haƙoranta.

Ta ce, "Fili sarauniya ta mayar musu. Wutar fa?"

Ta rayu har Jan Rani ya wuce, aka yi damina biyu. Tana ci, tana salla, tana amsa gaisuwata, amma ba ta sake zama kusa da murhu ba, ko da sanyi. Da ciwon ajali ya kama ta sai ta sa na matso.

"Na yafe maka, ɗa ne ya yi abin da ɗa zai yi. Amma masu wuta ban cika musu ba, ga shi zan tafi da kayan mutane a wuyana. Ka bi su ɗaya-ɗaya ka roƙa mini gafara."

Na ce na ɗauka. Bayan an yi sadakar arba'in na sake shafa rini na shiga jirgin 'yan gishiri. Na samu Jatau a inda na bar shi, shi ma yanzu gemunsa ya yi wani baƙi irin na ƙoƙo. Na gaya masa rasuwar, ya yi salati, ya yi mini ta'aziyya, har da ƙwalla. Sannan na durƙusa a gabansa a tsakiyar kasuwa.

"Jatau, Inna ta ce ka yafe mata. Wutar da ka ba ta amana ta mutu a hannunta."

Ya tsaya yana kallona.

"Wace wuta?" Ya yi ɗan tunani. "Wai kaskon nan? Hurawa take yi? Kullum?"

"Kullum. Har da itacen gadonta."

"Haba Nomau, ai wannan maganar sallama ce kawai, kowa haka yake faɗa in zai fita gari. Ni tun ban gama gangarowa daga dutse ba na manta da ita."

Na ce, "Ka dai ce ka yafe."

"Na yafe mana, me ta yi mini?" Aka ƙwala masa kira daga bakin jirgi, ya saɓi curin gishirinsa, ya ce in jira shi mu ci abinci.

Ban jira ba. Tun daga ranar nake bin su, wasu sun mutu sai 'ya'yansu nake roƙo, wasu sun watsu cikin ƙasashe, da yawa sai na tuna musu wacece Gwamma. Ba na yi musu gardama, kalmar kawai nake karɓa in wuce. Abin da ya kawo ni cikinku ke nan, kuma nan hikayata ta tsaya, Allah ya yafe mana abin da muka ƙara ko muka rage. In akwai jinin Dungurfa a nan, ko bai tuna ba, ko bai taɓa ji ba, ya taimake ni ya ce ya yafe wa Gwamma.